Basfa ba ta da ƙofa

Jama'a, ku yi mini dariya, na ba ku izini. Yau na tafka wautar da ko jaki ba ya yi.

Makon jiya na sayar da tsohuwar Fijona na sayi babur Basfa, don cunkoson kasuwar Konni ya ishe ni. Da hantsi na ce ma Hajiya ta fito in kai ta sunan jikarmu. Shekara ashirin a mota, ƙarar ƙofa nake ji in san ta shiga. Basfa ko ba ta da ƙofa. Ina jin nauyi ya sauka bayana, sai na murɗa.

Ina tafiya ina zuba. Na yi mata faɗan gishirin miyar jiya, na tono na bara. Shiru. Na ce lalle yau Hajiya ta yi ladabi.

A ƙofar gidan suna surukina ya rusuna ya ce, "Baba, ina Inna?"

Na ce, "Makaho ne kai? Ga ta nan baya."

Ya ce, "Baba, gero ne."

Na juya a guje ina leƙen kowane rami, kar dai ta faɗi a hanya. Na iske ta zaune ƙofar gida. Ashe rabin buhun gudummawa ta aza, ta koma ɗauko lulluɓi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, shekara talatin da aure, nauyina da na gero duk ɗaya ne gare ka?"