Funkason Goggo

Shekaru na yi ina zargin albasa. Sana'ata ke nan, in saro ta a Aliero in kawo Jega, saboda haka duk wanda na kai wa kukan cikina sai ya ce, "To, kai da kake kwana cikin albasa?" Na daina cin ta ɗanya, na bar yaji, na sha jiƙon kanwa har harshena ya saba. Ƙwannafi na nan daram, ciki ya kumbura kamar ganga, ga yawan zagayawa. Sai da na je Birnin Kebbi aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce alkama ce jikina ba ya so. Burodi, taliya, fanke, duk in bar su. Na bari ba don na yarda ba, sai ga shi na fara barci kamar kowa.

Rabuwa da burodi ba ta dame ni ba. Mai shayin bakin tasha ya yi mini tsiya har ya gaji. Matsalata tana Maiyama.

A can Goggo take, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Ba ta iya nuna ƙauna da baki ba, ko kana ciwo faɗa za ta yi maka. Funkaso take yi. Da ta ji zan zo, tun jajibiri za ta kwaɓa garin alkama ta rufe ya tashi, da safe ta soya, ta haɗa da miyar taushe. Da na je, na zauna na yi mata bayanin likita dalla-dalla.

"Alkama?" in ji ta. "Abincin da Allah ya halitta? Mi likita ya sani? Ni na san cikin ga naka tun kana ɓata min zane."

Na sake bayani. Ta ce ai albasa ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin abin da na yi shekaru ina nema na samu, amma babu mai saurare. Na sha miyar kawai na tashi.

Da zan sake zuwa Maiyama, matata ta tuƙa tuwon dawa ta zuba mini a kula, don kada in wuni da yunwa. Ni da ita ba mu ga aibu ba. A wajenmu kuwa, wanda ya ƙi abincinka, sannan ya zo gidanka da nasa, ana ɗauka tsoro yake kada a sa masa wani abu. Na san da haka sarai. Ban dai taɓa zaton Goggo za ta lissafa kanta cikin waɗanda ake tsoro ba.

Ta dubi kular nan. Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon funkaso, ta zauna a gabana. Ta ɗauki na sama ta gutsura ta ci. Ta ɗauki na biye ta gutsura. Haka ta bi su duka.

"Ga shi na ci," ta ce. "In da abin da nis sa a ciki, ni za shi hwara ɗauka. In matarka ta tambaya, ka gaya mata."

"Haba Goggo! Wallahi ba haka ba ne."

"To ci."

Na ji haushi, na ji kunya, na ji kamar in yi kuka. Me zan ce wa tsohuwar da ta goya ni? Na jawo kwanon na cinye tas. A hanyar Jega ƙirjina ya kama da wuta, sai da na roƙi direba ya tsaya na shiga daji, fasinjoji na ta tsaki.

Tun daga nan na gwada komai. Na kai mata shinkafa na ce ta yi mini waina, ta bai wa maƙwabta. Na tura yayana ya yi mata magana, ta ce wato har ƙararta na kai. Yanzu in zan je Maiyama, nakan zaɓi ranar da ba ni da kasuwa washegari, domin na san kwanciya zan yi. Ina ci, ina shan wahala, na haƙura da wannan.

Abin da na kasa haƙura da shi ɗaya ne. Har yau, kafin Goggo ta turo mini kwanon, sai ta gutsura ta ci a gabana.