Baban da Ke Shinshina Waya

Jiya a cunkoson shataletalen Bata na ji ƙaurin roba daga wata mota, sai Baba mai wayarin ya faɗo mini a rai, dattijon da ke gyara a wani gareji a Fagge. Shi kafin ya taɓa mota, sai ya buɗe bonet ya sunkuya ya shinshina.

Shekarar da matata ke da tsohon ciki, tsohuwar motata ta ƙi yin caji. Sau biyu tana mace mana a hanyar awo. Na sayo sabon batir a Sabon Gari, shi ma kwana uku ya yi ya mutu. Na kai wa Baba motar raina a ɓace, na ce ya canja altaneta kawai.

"Malam, yi haƙuri in ji ta bakinta tukuna," in ji shi.

Ya shinshina, sannan ya riƙa bin wayoyin da yatsunsa masu kanta, ɗaya bayan ɗaya, cikin zafin rana, gumi na ɗiga daga gemunsa. Can ya kira ni.

"Taɓa nan."

Wata waya ce ta goge, ta yi zafi, tana jingine da tiyon fetur.

"Altanetarka lafiya lau. Wannan kuwa, da ta ƙara kwana biyu, wuta za ta tashi kuna ciki."

Ya canja wayar, ya naɗe ta tsaf. Ranar Laraba motar ta kai matata asibiti, ta sauka lafiya.

Da Baba ya rasu ban samu jana'izarsa ba, sai daga baya na ji. Allah Ya haskaka kabarin Baba, Ya tsare 'ya'yansa kamar yadda ya tsare mini nawa.