Bismillar Malam Yacouba

Shekarar da na je unguwar Tremont, can ƙasar Turawa, jegon ɗiyata Zalika, a 2015, na san Malam Yacouba, mutumin Tawa, mai sayar da huluna da safar hannu a bakin titi. Iyalinsa duk suna gida.

Kusa da teburinsa akwai wata mashaya ta 'yan unguwa. Shi ba ya shan giya, amma bayan azahar sanyi kan kora shi ciki, ya sayi soyayyen kifi da dankali da shayi. Ni kuwa daga gidan wanki na tsallaken titi, inda nake wanke kayana da inji, nake hango shi ta gilashi, cikin wani haske ja-ja kamar na fitilar ƙwai.

Tun tasowarsa bai saba cin abinci shi kaɗai ba. Kullum sai ya tura farantin gaba, ya dubi na dama da na hagu, ya ce, "Bismillah." Su yi murmushi, su kau da kai. Ya ɗan tsakura ya bari. Har ya rame.

"Hajiya," ya ce mini wata rana yana taɓa maƙogwaro, "in babu hannun wani a kwanon, wallahi ba ya wuce mini nan."

Wata Laraba, dusar ƙanƙara na sauka a hankali kamar auduga, wani tsohon Bature, direban bas mai ritaya, ya daɗe yana kallon farantin. Can sai ya jawo kujerarsa, ya sa hannu ya ɗauki dankali ɗaya. Malam ya gutsuro tsokar kifi ya tura gabansa.

Har injin ya gama wankina suna ci, Malam yana ta lashe yatsu.