Ruwan da Ya Taso ta Magudana

A ofishin inshora na birnin Duluth a Amurka, dattijon da ke gabana a layi ya tuɓe takalman robarsa a bakin ƙofa don kada ya ɓata musu kafet. Yana tsaye da jiƙaƙƙiyar safa, warin kwata na tashi daga wandonsa. Ya rungume keken ɗinki a ƙirji kamar jinjiri. Ina jin na matarsa ne, kuma ina jin ta rasu, don ga ƙaramin zoben aure na mace rataye a wuyansa.

"Ruwa ai ruwa ne, 'yata," yake ce wa ma'aikaciyar.

"Ba a wurinmu ba, Mista Halvorsen. Da bututu ne ya fashe, ko iska ta yaye rufi, da mun biya. Naka ta magudana ya taso ya cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wannan sai mai ƙarin kariya, kai kuma bara ka ce a cire maka ita."

"Gidana fa a kan tudu yake. Na ce me zai kawo ruwa? Matata Solveig ce ta san kan waɗannan abubuwa. Duk kayanta suna can ƙasa."

Ma'aikaciyar ta kawar da kai. Ni ina jira ya ɗaga murya, don da ni ne da tuni an ji mu a titi. Shi kuwa ƙasa yake kallo, inda keken ke ɗiga. Da ƙyar ya durƙusa, ya ajiye keken, ya cire hularsa, yana goge musu kafet.