Garin da na zaɓa mana

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu wanda ya kai ni sanin hanya, ni ce na ɗauko mahaifiyata daga Jibiya na kawo ta Kano. Duk surutuna a shafin nan ban taɓa ba ku labarin ba, don ba labari ba ne da nake fitowa da kyau a cikinsa.

Mahaifina ya yi shekara biyu da rasuwa a lokacin. Yayyena maza kowa ya kama gabansa can kudu, gida ya rage daga ni sai Inna, haka nake kiran mahaifiyata. Ɗinki nake yi. Da aka rufe boda, matan Maraɗi masu kawo mini atamfa suka ɗauke ƙafa, keken ɗinkina ya koma wurin ajiye kwanuka. Ni kuma dama a gajiye nake. Na gaji da tsayuwa bakin titi ina jiran ɗan kabu-kabu, in hau babur ina tattare hijabi kada taya ta ja shi. Na gaji da garin da in la'asar ta yi kowa sai ya tambayi lafiyar hanya kafin ya fita. Littattafan Hausa nake karantawa kamar cin abinci, ina ganin hotunan taron marubuta a waya, ina jin kamar ana biki an manta da ni.

Sai na ɗauko tsohon littafina na sakandare, na ja layi, na rubuta garuruwa huɗu. Ni da lissafi ya kusa hana ni fita makaranta, wai ni ce mai ba garuruwa maki. Abuja na fara sokewa, gari ne na masu motar kansu. Kaduna akwai jirgin ƙasa, amma inda yake zuwa ban san kowa ba. Katsina kuwa na ce Jibiya ce ta sa takalmi, fuskokin nan dai zan ci gaba da gani. Kano ta cinye. Ɗan sahu, wato keke mai ƙafa uku, har ƙofar gida. Ga kasuwar Kurmi, ga marina, ga masu sayar da littattafai, ga marubutan da nake karantawa suna yawo a titi kamar kowa. Ga kuma ƙawata mai shagon ɗinki tana neman hannu.

Da na kai wa Inna littafin, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce ita dai in tashin ya zama dole, Katsina ta fi mata. Na yi ta zuba bayani har ta yi shiru. Ni kuma a lokacin in mutum ya yi shiru, ɗauka nake na ci gardama.

Na san dalilinta, kada in yi muku ƙarya. Kakata, mahaifiyar Inna, tana wani ƙauye ƙetaren boda, cikin Nijar. Daga gidanmu zuwa ɗakinta bai kai awa ɗaya a kabu-kabu ba, ko an rufe boda akwai hanyar gona. Duk Juma'a Inna can take yini, ta yi mata kitso, ta cuɗa mata baya. Shekaru da yawa kafin nan an yi wa Kaka aiki a asibiti, an cire mata nono ɗaya. Tun daga ranar babu wanda ya sake ganin jikinta sai Inna. Matar kawuna da suke gida ɗaya ma ba ta san yadda wurin yake ba. Kaka ta sa Inna ta yi mata alkawari, duk ranar da ta cika, ita za ta yi mata wanka, ita kaɗai.

Ranar da muka je sallama Kaka ta fara da ni, kamar kullum. Ta ce ta ji an ce na zaɓi garin da ake hawa abu mai ƙafa uku, ni da ƙafa biyu ma ba a iya tsare ni wuri ɗaya ba. Na ce ai tsufa ne ya sa take baƙin ciki, da da ƙarfinta da ta riga ni shiga mota. Muka yi dariya. Sai ta juya wurin Inna, ta rage murya.

"Ke dai kin san abin da munka yi da ke. Ban son hannun kowa bisa jikina."

Kafin Inna ta amsa na tsoma baki. Na ce Kano fa ba Makka ba ce, mota ko'ina, in ta yi atishawa da safe kafin azahar muna tsakar gidanta. Kaka ta dube ni ta ce Allah shi sa.

Kano ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Wata shidan farko kamar an kwance akuya. Na je taron marubuta na zauna layin gaba ba a gayyace ni ba. Na shiga Kurmi na ɓace sau uku. In na fito ƙofar gida kafin in gyara mayafi ɗan sahu ya tsaya. Inna ba ta taɓa cewa ba ta jin daɗi ba. Zuwan Juma'a dai ya koma na wata-wata, daga baya wata biyu, don gwiwarta ba ta son doguwar mota. Akwai wata 'yar jaka da take ajiyewa bayan ƙofa, da busasshen ganyen magarya a ciki, da kafur, da turare, da zannuwa biyu. Ina tsokanarta ina cewa jakar asibiti ce ta mai ciki.

Cikin shekararmu ta biyu, da bazara, ranar wata Talata bayan sallar asuba kawuna ya kira. Kaka ta cika. Ya ce ya san da maganar alkawarin, za su jira mu zuwa azahar, amma ba za su wuce nan ba, zafin ya yi yawa kuma liman ya riga ya yi magana. Inna ta yi salati, ta ɗauki jakarta. Ba ta yi kuka ba. Cikin minti ashirin mun isa tasha. Har a raina na ce ka ga amfanin Kano.

A tasha muka tarar da mota biyu. Ga ƙaramar motar Katsina, saura mutum biyu ta tashi. Ga doguwar motar Maraɗi, an buɗe boda a lokacin, wadda za ta bi ta Jibiya kai tsaye, da mutane zaune ciki, ɗan kamasho yana rantsuwa saura uku. Inna ta nufi ta Katsina. Na riƙo hannunta. Na ce in mun sauka Katsina sai mun sake neman motar Jibiya, mu sake jira, wannan kuwa shiga ɗaya ce har Magama, bakin boda. Ta ce motar Maraɗi ba ta tashi da wuri. Na ce Inna, ki bar mini harkar mota. Tun da muka zo Kano ta saba bina, ni ke tsayar da sahu, ni ke sanin kwana. Sai ta bi ni.

Abin da Inna ta sani ni ban sani ba, duk da a bakin boda aka haife ni, shi ne motar Maraɗi motar 'yan kasuwa ce. Ba mutane take jira ba, kaya take jira. Sai an buɗe kasuwa, fatake sun sayi dilolin yadi, an kawo an ɗaure, sannan take motsi. Mutanen da na gani zaune ciki kuwa rabinsu 'yan tasha ne, ana zaunar da su don motar ta yi kamar ta cika. Duk sanda fasinja ɗaya ya shigo, sai ɗaya daga cikinsu ya sulale ya fita.

Motar Katsina ta tashi a gabanmu. Ta biyu ta cika ta tashi. Na sauka na yi wa ɗan kamasho tas, na gaya masa gawa ke jiranmu. Ya ce Allah ya jiƙanta, Hajiya, yanzu-yanzu za a tashi, direba ya je shan shayi. Ya kamata a nan in ce Inna mu sauka. Ban ce ba. In na ce mu sauka, na yarda ke nan na yi kuskure, ni kuma ban saba ba. Na koma na zauna ina huci, ina kallon agogon waya kamar shi ya yi mini laifi.

Da motar Katsina ta uku ta fara lodi, wajen ƙarfe goma da rabi, Inna ta tashi, ta ɗauki jakarta, ta sauka ta shiga. Ko waiwayo ba ta yi ba. Na bi ta a baya kamar 'yar aike.

Bichi, Tsanyawa, Kankiya. Ban taɓa jin tsawon hanyar nan ba sai ranar. Inna carbi kawai take ja, jakar tana kan cinyarta. Mun wuce Charanchi aka fara kiran azahar a wani masallaci bakin hanya, kusan tare da ƙarar wayata. Kawu ne. Na miƙa mata. Sau ɗaya ta roƙe shi, ta ce Yaya ku ƙara mini awa guda. Ina jin muryarsa ta cikin wayar yana cewa ba don shi ba, jikin ya fara sauyawa, mutane sun taru tun hantsi, an gama haƙa. Sannan ta ce:

"To. Ku ce ma wadda za ta yi ta bar zane bisa ƙirjinta. Ta zuba ruwan ta saman zanen. Kada ta ɗaga."

A cikin mota cike da baƙi ta faɗi haka, ita da ta ɓoye maganar nan shekara da shekaru. Direba ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Wata mata a bayanmu ta dafa kafaɗarta. Ni na juya fuskata wajen taga, don ban ga da wane ido zan kalle ta ba.

Motar Jibiya a Katsina ko minti goma ba mu yi ba ta cika. Wannan ma sai da ya ƙona mini rai. A Magama muka hau kabu-kabu, muka wuce duwan, masu duba kaya na ɓangaren Nijar, muka shiga hanyar ƙauye. Muna isa maza suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa.

Inna ta gaisa da kowa yadda ya kamata, ta karɓi gaisuwa. Sai ta tambayi wa ya yi wankan. Aka nuna mata wata tsohuwa, maƙwabciyar Kaka. Ta je gabanta ta durƙusa har ƙasa da wannan gwiwar tata, ta yi mata godiya. Tsohuwar ta kamo kanta ta ce, "Ban buɗe ba, ɗiyata. Yadda kinka ce haka anka yi." A nan Inna ta yi kukan da ta riƙe tun asuba. Ina tsaye riƙe da jakar, ba a ko buɗe zip ɗinta ba.

Bayan addu'ar bakwai, muna haɗa kaya, na ce mata in tana so mu bar Kano mu dawo Katsina, ko Jibiya ma, ni na yarda. Ta ninke zanen da ke hannunta ta ce yanzu kuma ai duk garuruwan Allah ɗaya ne gare ta, mu koma inda ɗinkina yake. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Har yau ba ta taɓa cewa laifina ne ba, ko da wasa, ko cikin faɗa, kuma muna faɗa sosai.

Na daɗe ina cewa da mun shiga motar farko da mun isa. Wataƙila. Amma in zan faɗi gaskiya, kuskuren ya girmi ranar Talatar nan. Tun a littafin yake. Na auna yadda ake yawo cikin kowane gari, ban ja layi ko ɗaya na yadda ake fita daga garin a isa wurin wanda ke jiranka ba. Shi ya sa in kuka turo mini saƙo kuna tambayar wane gari ya fi daɗin zama, nake fara tambayarku wane tsoho kuka bari a gida. Wasu suna jin haushi, su ce ba abin da suka tambaya ke nan ba. Na sani.

Muna Kano har yanzu, kuma ina son garin, abin da ke ba ni kunya ke nan wani lokaci. Bayan shekara guda da rasuwar, wata mata ta rasu a unguwarmu, 'ya'yanta mata duk suna nesa, aka rasa mai wanka. Inna ta tashi ta je. Tun daga nan ita ake kira. Bara ta fara tafiya da ni, ni ke riƙe buta. Kullum sai ta ce ina zuba ruwa da gaggawa, in sassauta hannu, wadda ke kwance ba ta sauri.

Ran nan muna dawowa daga wani wankan, ta tsaya ƙofar gida tana cire takalmi, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ki koya da kyau. Ba ni da wata ɗiya mace."

Bakina ya buɗe zai kawo magana, kamar yadda ya saba. Na rufe shi. Na ce to, Inna.