Kamiyon da Ƙasarsa Ta Ƙare

Akwai kamiyo, babbar motar kaya, a bayan gidana, nan Agadas, ya fi shekara talatin bai motsa ba. Tayoyinsa sun nutse cikin rairayi, awakin maƙwabta na shan inuwa a ƙarƙashinsa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun gaji da zuwa. Ni ma na gaji da korarsu.

Ni da yayana muka gaje shi daga mahaifinmu, wanda ya sayo shi a Libiya. Ƙirar Jamus ta Gabas ne. Lokacin ban ma san Jamus biyu ce ba, ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba. Yaya ke tuƙi, ni ke gyara. Mu kai gero da sukari Bilma, mu dawo da gishiri da dabino. Yaya ba mai surutu ba ne. Sai mu yi yini cikin hamadar Tenere ba wanda ya ce uffan, shi yana kallon hanya, ni ina sauraren moter, wato injin motar. Amma muna tare. Iyaye sun rasu, ƙannenmu mata sun yi aure nesa, motar nan ce ta riƙe mu wuri ɗaya.

Sai pompon da ke tura man gazuwal cikin moter ya mutu. Aka jawo mu gida. Muka je wurin wani Elhaji mai sayar da piyes, kayan gyaran mota, kusa da tasha, wanda ke samo kaya ta Aljeriya. Ya ce mu dawo bayan Sallah. Muka dawo, ya ce bayan damina. Zuwanmu na ƙarshe muka tarar da shi a ƙofar shago da abokansa, ana shayi, rediyo na gefe.

Na ce, "Elhaji, ina labarin pomponmu?"

Ya ce, "Samari, ku yi haƙuri. Babu ƙasar."

"Wace ƙasa?"

"Ƙasar da ke ƙera shi. Ta ƙare."

Ni dai ƙasa ɗaya na sani, wadda ake takawa. Kuma na ga yadda rairayi ke cinye gidaje da itatuwan dabino a yankin Kawar. Sai na yi salati, na ce, "Rairayi ne ko ruwa? Mutanen fa, an samu an fitar da su?"

Aka fashe da dariya. Wani har shayi ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Makanike, ɗauki goro ka je ka yi musu gaisuwa mana!"

Elhaji ya ɗaga musu hannu. Ya ce ƙasar takawa tana nan, mutane na nan, mulkin ne babu. Ya ce Rasha ce ke riƙe da ƙananan ƙasashen da ke gefenta, kamar yadda madugu ke riƙe igiyar raƙuma, kowane a ɗaure da na gabansa. Sabon shugaban Rasha ya zo ya ce zai gyara gidansa, ya bar mutane su yi magana, kuma ba zai ƙara tura soja gidan maƙwabta ba. Igiya ya saki ke nan. Polan ta kama hanyarta. Hangari ta buɗe shingenta, mutane suka yi ta kwarara. Aka fasa katangar da ta raba babban birnin Jamus. A Romaniya har shugabansu suka kashe. Jamus ta Gabas kuwa ta shige cikin ta Yamma, aka dubi irin motarmu aka ce ba mai saye, aka daina ƙera ta.

Yaya ya ce, "To mu fa?"

Elhaji ya ce, "Ku wa ya san da ku?"

Ban ji haushin mutanen can ba. Wanda aka kulle, in an buɗe masa ƙofa ai fita zai yi. Amma na daɗe ina tunanin mutumin da ke haɗa wannan pompo a can. Shi ma ƙila yana zaune kamar ni, hannu ba aiki.

Na yi iya yina. Na kai pompon wurin maƙera, suka juya shi suka mayar mini. Na ɗaura na wata motar Faransa, ta kai mu bakin gari ta mutu. Zama ya ishi Yaya. Ya samu aikin shofer a motar wani mai zuwa Libiya. Da safen da zai tafi ya tsaya ya dafa ƙofar kamiyon.

Ya ce, "Irinsa na da yawa can, an jibge su. Zan kwanto pompo in kawo. Kada ka sayar."

Na ce, "In ka daɗe fa, Yaya?"

"Ka riƙa juya moter da ƙarfe, kada ya kame."

Saƙonsa ya zo daga Sigidin, cewa sun wuce lafiya. Wani saƙon ya zo daga Sabha, cewa ya samu ɗaya amma a fashe. Daga nan shiru. Wasu sun ce sun gan shi ya yi aure. Wasu sun faɗi abin da ba na son rubutawa. Na bi motoci na tambaya har shoferorin da suka san fuskarsa suka ƙare.

Elhaji ya rasu tuni, ɗansa ke riƙe da shagon. Bara ya kira ni ya nuna mini hoto a salularsa. Wai yanzu a Jamus akwai masu ajiye irin motarmu don sha'awa, suna wanke ta suna shafa mata fenti, kuma ana samun pompon.

Ya ce, "Baba, in kana so in sa a kawo maka."

Na kalli hoton. Shi ne, har wurin da ake ɗaure bututu. Na ce ya bari. Ya ce don me? Na ce akwai wanda ya tafi kawowa.

Duk Juma'a in na dawo daga masallaci nakan kori awaki, in sa ƙarfe in juya moter. Kafaɗata ba ta so yanzu. Amma bai kame ba.