Ragon Da Na Ɓoye A Banɗaki

Jiya tunkiyarmu ta haifi tagwaye, sai na ji kamar Kaka zai leƙo garke ya yi tambayarsa: "Wace ce uwa, wane ne uba?" Shekara guda ke nan da rasuwarsa.

Kowace damina yakan kai ragonmu garin Pitoa, kusa da mu nan Garoua, ya yi musaya da na abokinsa. Wata shekara musayar ta faɗo kan Gwarzo, ragon da na shayar da hannuna. Na ɓoye shi a banɗaki. Ya ɓarke da kukan da na rantse rabin Garoua ta ji.

Kaka ya zo yana ƙamshin dusa da goro. Bai yi faɗa ba.

"Amarya, kishiya kika yi mini da rago?"

"Kaka, ka bar mini shi!"

"'Yan tumakin nan 'ya'yansa ne. In ya barbare su, abin da za su haifa ba zai yi ƙwari ba."

Na yi kuka har na fi Gwarzo.

Bana ni na ja igiyar ragonmu zuwa Pitoa, ba wanda ya tuna mini. Allah ya haskaka kabarinka, Kaka, ya sa ka huta.